Ina Man Ya Tafi? Lacca kan Sulalewar Cebur ɗin Ƙaramar Tarakta

Shugaban wannan zama, iyayenmu manyan makanikai na garin Gombe, malamai masu koyar da sana'a, direbobin tarakta, da ƙannenmu ɗalibai da yaran gareji, barkanmu da war haka.

Abin da ya tara mu yau kowa a nan ya taɓa ganinsa, ko da bai sa masa suna ba. Ƙaramar tarakta ce mai cebur a gaba, tana aiki a gidan bulo a hanyar Dukku, ko tana kwashe taki a gonar kaji ta wajen Tumfure. Direba ya cika bokiti da yashi, ya ɗaga, ya saki liba, ya juya yana magana da mai tifa. Kafin su gama magana bokiti ya sauko da taƙi guda, alhali ba wanda ya taɓa komai. Wani sa'in hannuwan ne ke sauka gaba ɗaya, wani sa'in kuma hannuwan na tsaye cak, bokitin ne ke sunkuyar da baki yashi na tsiyaya. Direba ya ce ba ta riƙe kaya. Mai tarakta ya ce ta fara saki. Bakanike kuwa tun daga bakin ƙofa ya yanke hukunci: robar fistin ce ta mutu, a kwance silinda. Wannan cuta zan kira ta sulalewa, kuma magana ɗaya nake so in kafa wa hujja a kanta. Hukuncin bakin ƙofa, ko ya faɗa daidai, dace aka yi. Ido ba ya iya raba masu laifin wannan cuta, sai awo. Tambayar da ke kai mutum ga mai laifi kuwa gajeriya ce: ina man ya tafi?

Kafin in soki wancan hukunci, adalci ne in faɗi inda ya samo asali, domin ba daga jahilci ya fito ba. A shekarar 1975 aka fara manyan ayyukan bunƙasa noma uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a ƙasar nan, wato na Funtuwa, da na Gusau, da na Gombe. Ƙasarmu ta auduga da hatsi ce, sai tarakta ta sami gindin zama. Daga baya ga kamfanin Steyr yana harhaɗa tarakta a Bauchi, jihar da muke cikinta har zuwa 1996. A kan injinan wancan zamani iyayenmu suka koyi aiki, musamman Massey Ferguson, wadda har gobe ita ce taraktar da kowane yaron gareji ya fara sani. Tsarin ɗaga garma da ke bayanta na Harry Ferguson ne, wani injiniya ɗan Birtaniya, wanda ya sa shi a taraktar kamfanin Ford a 1939. Silinda ce guda a ƙarƙashin kujerar direba, mai na shigarta ta gefe ɗaya tak, bayan fistin kuma a buɗe yake yana kallon cikin gidan giya inda man ke kwance. Idan zoben fistin ya cinye, mai ya tsallake shi, sai ya ɗiga ya koma inda ya fito, garma ta sauka. A nan bakanike ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Yana ma iya buɗe murfin gefe ya haska tocila ya ga man na ɗigowa daga sama. Wannan ilimi aka gada daga maigida zuwa yaro kusan shekara 50. Inda aka sami tangarɗa shi ne da aka ɗauko shi aka ɗora wa silindar da ba gininsu ɗaya ba.

Silindar cebur baki biyu gare ta, tiyo ɗaya a gindi, ɗaya a wuya, kuma mai ya cika gaban fistin da bayansa duka. Amma ɗakunan nan biyu ba girmansu ɗaya ba, domin na wuya akwai sanda a cikinsa ta cinye wuri. Mu ɗauki misali da silindar da faɗin cikinta santimita 5 ne, kaurin sandarta santimita 3, wanda bai yi nisa da abin da ake samu a ƙananan taraktoci ba. Idan sanda ta koma ciki da santimita 1, dole mililita 19.6 na mai su bar ɗakin gindi. Ɗakin wuya kuwa wurin mililita 12.6 kawai ya ƙaru da shi. Saura mililita 7 ba su da masauki. Duk wanda ya taɓa awo a kasuwar Tudun Hatsi ya san ba a juye cikakken babban kwano a ƙarami ba tare da wani abu ya zube ba. To mai ba ya matsuwa kamar auduga; ko an danne shi da ƙarfin bar 100, wato ma'aunin da ke jikin geji, bai kai ya ragu da kashi 1 cikin 100 ba. A kan wannan hali na ruwa Blaise Pascal na Faransa ya yi bayani tun ƙarni na 17, kuma a kansa Joseph Bramah ya ƙera injin matsa kaya a Landan a 1795. Saboda haka ku saurari abin da lissafin ya haifar, ko da zai yi nauyi a kunne. Hannuwan cebur, nauyin kaya tura sandarsu yake yi ciki. Idan an toshe bakunan silindar biyu da gaske, kuma tana cike da mai, ko da an cire robar fistin an jefar, hannun zai ɗan nutsa kaɗan ne ya tsaya. Ba zai ci gaba da sauka ba, don sanda ba ta da inda za ta shiga. Hannun da ke ta sauka yana gaya mana abu ɗaya ne: mai na barin silindar baki ɗaya, ba wai kewaya fistin kawai yake yi ba.

To ta ina yake fita? Ƙofa biyu ce. Ta farko ta waje ce, kuma ba ta da wuyar ganewa: robar wuya na tsiyaya, tiyo ya tsage, ko mahaɗa na naso. Sai dai kada a raina naso. A misalinmu, silinda biyu ne ke ɗaga hannu, santimita 1 ɗin nan ke nan mililita 40 bai cika ba, cokalin shayi 8 kacal, kuma saboda tsawon hannu, santimita 1 a sanda yakan zama ninki uku ko huɗu a bakin bokiti. Idan an duba ƙasa a bushe take, jikin ƙarfe ba danshi, saura ƙofa ta biyu, wadda ba a gani: bawul ɗin da liba ke sarrafawa.

A nan zan ɗan daɗe, don nan gizo ke saƙa. Cikin bawul akwai wani ƙarfe mai gaɓa-gaɓa, mai kama da kwarkwaron masaƙi, da sunan kuma zan kira shi. Shi ke zamewa gaba da baya cikin rami yana buɗe hanyar mai yana rufewa. Mutane da yawa na zaton akwai roba a tsakanin hanyoyin nan. Babu. Robobin da ake gani a bakinsa biyu hana mai fita waje kawai suke yi. A ciki ƙarfe ne ke fuskantar ƙarfe, da 'yar tazara ta maikuron kaɗan, alhali kaurin gashin kan mutum ya kai kimanin maikuron 70. Dole ne a bar wannan tazara, in ba haka ba kwarkwaro ya maƙale. Ma'ana, ko sabon bawul fil daga kamfani yana yoyo kaɗan, kuma sabuwar tarakta ma in aka bar ta da kaya a sama ta kwana, da safe za a tarar ta sauko. Wannan ba cuta ba ce. Cutar tana farawa ne idan tazarar ta buɗe, kuma lissafinta mugu ne: yoyon da ke bin siririyar tazara irin wannan ba ninki ɗaya yake tafiya da faɗinta ba. In tazara ta ninka sau 2, yoyo ninki 8 yake yi. Me ke buɗe ta? Ƙura. Hazon da ke lulluɓe mu daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi da sauran sassan Sahara, yawancin ƙwayoyinsa sun fi ƙarfin ido. Ido ba ya ganin abin da ya gaza maikuron 40 ko makamancin haka. Irin wannan ƙwaya ita ce daidai bakin tazarar. Tana shiga ta mazurarin da aka ajiye a ƙasa, ta jarkar da aka bari ba murfi, ta mahaɗar tiyo da aka sa ba a goge ba, ta sandar silinda da robar share ƙurarta ta yage. Ga kuma yashin da taraktar ke wuni tana kwasa. Mai ya ɗauke ta yana zagayawa da ita, kowace shiga da fita tana kankare ƙarfe kaɗan-kaɗan. Wanda ya cire filta ya ce tana rage gudun mai, ko ya ƙara baƙin man inji don araha, shi ya sa hannu a takardar mutuwar bawul ɗinsa, sai dai ba a ranar za a kawo gawar ba.

Akwai waɗanda ake yawan kamawa ba su ji ba ba su gani ba. Na farko famfo. Idan liba na tsakiya, an rufe hanyar silinda, famfo ba shi da hannu a riƙon kaya. Shi ya sa cebur ke tsayawa a sama ko an kashe inji. Famfon da ya gaji alamarsa nawa ce wajen ɗagawa, ko kasa ɗaga abin da ya saba. Haka babban bawul mai sakin matsi idan ya yi yawa, shi ma yana gefen famfo ne, ɗaure shi ba ya hana sulalewa, sai dai ya fasa tiyo. Akwai kuma wani ɗan bawul mai hana kaya komawa baya a daidai lokacin da ake jan liba. Idan shi ne ya lalace, za a ga hannu ya ɗan faɗa ƙasa kafin ya tashi, amma da an saki liba ba ruwansa. Wanda ya sayi sabon famfo don sulalewa ya bar jaki yana dukan taiki.

Na san abin da ke ran wasu daga cikin iyayenmu yanzu, kuma ƙalubale ne mai ƙarfi. Za su ce: malam, mun ji lissafinka, amma mu da hannunmu mun sha sauya robar fistin cuta ta warke, mai tarakta ya biya ya yi godiya. Ban ƙaryata su ba, kuma lissafin da na kawo shi ne ma zai ba su gaskiyarsu. Idan roba lafiya take, nauyin kaya na zaune ne a kan fuskar fistin duka. Idan ta mutu, matsin gaba da na baya suka zama ɗaya, sai nauyin ya koma kan kaurin sanda kaɗai, wanda a misalinmu ya gaza fuskar fistin kusan sau 2.8. Kayan da a da bar 50 ke riƙe shi, yanzu sai bar 140. Matsi ya ƙaru sau 2.8, yoyon bawul ya ƙaru da haka. Bayan wannan, yanzu mililita 7 kawai ake buƙata su fita sanda ta sauka santimita 1, ba 19.6 ba. Haɗa biyun, saurin saukar ya kusa ninki 8, ko ma ya wuce, tunda yanzu ta hanya biyu man ke matsa wa kwarkwaro. Idan kuma bawul ɗin irin mai ɗan sakin matsi ne a bakin kowace hanya, hauhawar matsin na iya buɗe shi, hannu ya sauko da gudu. Ashe ke nan mutuwar roba na iya mayar da yoyon da ba a damu da shi ba ya zama abin kuka, a sauya ta kuma a ga sauƙi na gaske. To amma ku lura da abin da ya faru. Kwarkwaron da ya cinye ya ba mu ninki 8. Robar da ta mutu ta ba mu ninki 8. Daga bakin ƙofa kamarsu ɗaya sak. Wanda ya kwance silinda ya dace, ba mu da labarin sauran ranakun da ya kwance ya tarar da roba garau, ya sauya ta duk da haka tunda an riga an buɗe, tarakta ta dawo bayan kwana biyu da cutarta. Waɗannan ranakun ba a cika ba da labarinsu a majalisa ba.

Bokiti kuwa shari'arsa daban ce, kuma rashin raba shi da hannu na cikin abin da ke rikita mutane. A yawancin ƙananan cebur, silindar bokiti janyewa take yi ta tattaro baki sama, ta miƙe ta zubar. Nauyin yashi jawo sandar yake yi waje. Man da ke riƙe da kayan yana ƙaramin ɗaki, na wuya, kuma in ya tsallake fistin babban ɗaki zai faɗa, inda wuri ya ishe shi har da saura. An juye ƙaramin kwano a babba ke nan. Saboda haka bokiti na iya sunkuyawa har ƙasa da laifin robar fistin kaɗai, ko da bawul sabo ne. Tambayar farko ga direba ke nan: wanne ke sauka, hannu ko baki? In baki ne, zargin roba na da ƙarfi. In hannu ne, da bawul za a fara.

Sai maganar zafi, wadda a Gombe ba a tsallake ta. Man haidirolik mai lamba 46, wannan lambar kaurinsa ce a digiri 40. Idan ya kai digiri 70, abin da ba wuya a watan Maris ko Afrilu lokacin da iskar gari kanta ke taɓa 40, kaurin ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku, yoyo kuma ya ninka sau uku. Shi ya sa ake rigima: direba ya ce da azahar ba ta riƙe komai, bakanike ya gwada da sanyin safiya ya ce lafiyarta lau, kowa na ganin ɗan'uwansa maƙaryaci, alhali duk gaskiya suka faɗa. Akwai ma wata saukar da ba yoyo ba ce sam. Mai na tsukewa idan ya huce, kimanin kashi 7 cikin 1000 a kowane digiri 10. Silindar da ta miƙe santimita 50 da mai mai zafi, in ta huce da digiri 40, za ta koma da fiye da santimita 1 ba tare da ɗigo ɗaya ya ɓata ba. Don haka awon da za a dogara da shi sai an yi shi da mai mai ɗumin aiki, da kaya iri ɗaya, cikin ɗan lokaci ƙayyadadde.

Awon kansa ba shi da tsada. A yi aiki da tarakta har mai ya yi ɗumi, a cika bokiti, a ɗaga shi kamar gwiwa ko ƙugu, ba sama can ba, a kashe inji. A goge sanda, a sa alama da maka daidai bakin silinda, a duba agogon waya, bayan minti 10 a auna da tef. A jikin sanda ake awo, ba a bakin bokiti ba, domin taya ma na iya lotsawa ta ruɗi mutum. Wannan lambar a rubuta ta. Ita ce shaidar da za a gwada kowane gyara da ita. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a duba liba: tana komawa tsakiya da kanta kuwa? Wayar da ke janta ta yi tsatsa, ko sifirin da ke mayar da kwarkwaro ya karye ko ya saki? Kwarkwaron da bai koma mazauninsa daidai ba ya isa ya sauke kaya, kuma gyaransa na minti kaɗan ne. In wannan lafiya, sai a raba silinda da bawul. A sauke kaya ƙasa, a kashe inji, a kaɗa liba ko'ina matsi ya fita, a sa makullin mai irin na ƙarfe mai jure babban matsi a kan tiyon gindi da na wuya, a sake ɗagawa, a rufe su, a auna. Idan saukar ta tsaya, ta bawul man ke gudu. Wanda ba shi da makulli yana da wata dabara kyauta: ya musanya tiyoyin hannu da na bokiti a jikin bawul. In cutar ta bar hannu ta koma bokiti, ta bi sashen bawul ɗinta ke nan, an kama ɓarawo. In ta zauna inda take, sai a juya ga silinda.

Gwajin roba kuwa a ƙasa ake yinsa. Bokiti na zaune a ƙasa, a zare fil ɗin da ke riƙe kan sanda, a ɗora silindar a kan katako, a miƙe ta har ƙarshe. A kashe inji, a saki matsi, a cire tiyon wuya daga jikin silinda a toshe bakin tiyon, a bar bakin silindar a buɗe da gwangwani a ƙarƙashi. A tayar, a ja liba wajen ɗagawa na 'yan daƙiƙu. Ɗigo kaɗan ba komai ba ne. In mai ya zubo kamar an kunna famfo, roba ta mutu. Ta bokiti akasin haka ake yi mata, a janye ta har ƙarshe a buɗe bakin gindi. Kowace silinda a gwada ta ita kaɗai, domin tagwaye ne a kan tiyo ɗaya, guda in ta lalace sai ta shafa wa 'yar'uwarta. Gwajin na da iyakarsa, tunda ƙarshen silinda kawai yake dubawa, ba ya ganin ƙarzuwar da ke tsakiya inda fistin ya fi zirga-zirga. Mai geji ya huta da wannan duka: ya ɗaura shi a tiyon wuya na silindar hannu, kaya na rataye. Roba mai lafiya, allura na kwance kusa da sifili. Roba matacciya, allura za ta yi ta hawa.

Ƙannena yaran gareji, wannan gaɓar taku ce, don ku ake turawa ƙarƙashi. Cebur ɗin da aka kawo saboda ba ya riƙe kaya, kada wanda ya sa kai ko kafaɗa a ƙarƙashinsa sai an tokare shi da ƙarfe ko gungume, ko da maigida ne ya ce yi sauri. Kada a toshe bakin wuya a tura mai ta gindi. A misalinmu bar 180 na famfo zai zama 280 a ɗakin wuya, abin da zai iya fasa tiyo ko kumbura silinda. Kuma ba a lalube yoyo da tafin hannu, da kwali ake yi. Man da ke fita ta hudar da ba ta kai bakin allura ba yana huda fata da matsin bar 7 kacal. Ciwon kamar cizon sauro yake a farko, amma man na can yana kashe nama a ciki. Wanda hakan ta same shi, ba kemis zai je ba, ba kuma gobe ba. Ya nufi asibitin koyarwa na tarayya a take, ya gaya wa likita mai ne ya shiga da ƙarfi, domin aikin tiyata ne na cikin awoyi.

Wani zai ce duk wannan na mai lokaci ne. Damina ta kama, ko mai kwangila na jira, saitin roba kuma bai kai kuɗin geji ba. A sauya kawai a gani. Amsar ita ce a ƙirga da kyau. Alama da maka, duba liba, da musanya tiyo ba su cin awa ɗaya, ba su cin ko kwabo. Kwance silinda biyu wuni ne, in an sami robar da ta dace ke nan, in ba a aika Kano ba. Kuma buɗe silinda a filin gareji da iska na kaɗawa ba abu ne marar illa ba: an fitar da robar kamfani mai sauran rai an sa wadda ba a san asalinta ba, an ƙarje zaren murfi da kurfi da guduma, an shigar da ƙurar da za ta je ta ƙarasa kwarkwaron da dama shi ne mai laifi. Geji ɗaya da makulli biyu kuwa sun ishi gareji guda shekaru, kuma su ne dai za su yi aiki a kan feloda da katafila.

Ƙalubale na ƙarshe ya fi sauran ciwo. Za a ce, to an gano kwarkwaro ne, sai me? Ba a sayar da shi shi kaɗai, tunda da shi da raminsa tare aka goge su a kamfani aka daidaita, sabon bawul kuma kuɗi ne. Haka ne. Amma ba kowane laifin bawul ne cinyewa ba. Sau da yawa waya ce, ko sifirin, ko wani ɗan ɓarɓashin ƙarfe da ya tokare ƙaramin bawul na bakin hanya, a wanke da kananzir mai tsabta a mayar. In kuwa cinyewar ce da gaske, mai tarakta na da zaɓi da idonsa a buɗe. Yana iya sa bawul mai kulle kaya a kan tiyon silinda, wanda ke rufewa da kansa har sai an ja liba, a haɗa shi da 'yar matsatsiyar hanya don kada hannu ya riƙa fizga wajen sauka. Sai dai ya san ya rasa damar barin bokiti ya bi ƙasa da nauyinsa wajen share fili. Yana iya neman na hannu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a ɗaura, a maimaita awon minti 10 kafin a kammala ciniki. Yana ma iya haƙura, idan aikinsa ɗiba da zubawa ne da kaya ba sa minti ɗaya a sama. Santimita 1 cikin minti 10 ba ta hana loda tifa, ko da za ta dami mai ɗaga buhunan siminti yana jira a jera. Abin da bai kamata a yi ba, kuma ana yi, shi ne a zaro kwarkwaro a ga zane a jikinsa a bi shi da samfefa har ya yi ƙyalli. Zanen ya tafi, tazara ta ninka, a mayar da shi yana shiga ramin sumul ba ko tirjiya, hannu kuma ya riƙa saukowa tun direba bai ɗauke tafinsa daga liba ba.

Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.